Ƙoshiya a Ƙarƙashin Daɓe

Ran da aka fara haƙa harsashi a Lodz,
ƙanƙara ba ta gama narkewa ba.
Bakin katafila ya tono jan bulo,
ya tono ƙusa, ya tono fasasshiyar kwalba,
can sai ga ƙoshiya.
Ni na tsince ta: katako ya yi baƙi ƙirin,
hancinta na ƙarfe tsatsa ta cinye.
Na goge ta da gefen riga, na cusa a aljihu.

Nan masaƙar take a da,
inda uwata Wieslawa ta yi shekara talatin da ɗaya a tsaye.
Ta fito da kunne guda a toshe,
da yatsu takwas.
In ta kira mu cin abinci, layi duka sai ya ji,
ita kuwa a ganinta raɗa take yi.

Yanzu hedikwata ce ke tashi a wurin,
hawa shida, gilashi daga ƙasa har sama,
gidan masu ƙera hannayen ƙarfe
da ba sa gajiya, ba sa neman hutun rana.
Ni nawa aikin daɓe.
Injiniya Halina ta tsaya a kaina da takarda:
"Zbigniew, kada ƙasan nan ya karkace ko da kaurin farce.
Injin bai san lallaɓawa ba.
In daɓe ya yi masa ƙarya, shi ma ƙarya zai yi."

Kwana tara ina durƙushe,
siminti na cin gwiwa, sanyi na cin ƙashi,
jan hasken awo yana bin bango kamar mai neman laifi.
A dare na ƙarshe, da kowa ya watse,
na tura ƙoshiyar cikin ɗanyen kwaɓi,
a kusurwar gabas, na shafe samanta sumul.
Awo bai gane ba.

Da bazara suka buɗe zauren baƙi.
Masu sayayya daga Gdansk, daga Porto, daga Osaka,
kofi a hannu, kati a wuya,
suna kallon wani hannu ruwan ɗorawa
yana ɗaukar ƙwai, ya juya shi, ya ajiye, ko tsagewa babu.
Wani yana zura zare a allura
sau dubu, bai lumshe ido ba, don ba shi da shi.

An ba ma'aikata rana guda su kawo iyali.
Na ɗauko tsohuwa a taragon lantarki,
ta sa rigar cocinta mai maɓalli shuɗi.
Yaron da ke nuna wa mutane ya ce:
"Kaka, miƙa hannunki, kada ki ji tsoro."
Ta miƙa na dama, mai giɓin.

Ƙarfen yana tsakiyar gudu.
Ya tsaya cak.
Tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu,
ya jira har ta janye, sannan ya ci gaba.

Ta daɗe tana duban tafinta.
Ta sake miƙawa. Ya sake tsayawa.
"Wannan an yi masa tarbiyya," in ji ta,
da muryar da ta sa baƙin Osaka waiwayowa.
"Nawa injin bai taɓa jiran kowa ba."

Na yi dariya, maƙogwaro na ɗaci.
Ta juya, ta dubi zauren tun daga ƙofa har ƙurya,
fitilu, allunan haske, daɓena yana sheƙi,
shiru kamar asibiti da tsakar dare.
"Mu ɗari huɗu ne a nan," ta ce.
"Su wa ke zuwa da safe yanzu?"

Ban da amsa, yaron ma ba shi da ita.
Na kama gwiwar hannunta muka nufi ƙofa,
na bi da ita ta kusurwar gabas da gangan.
Ta taka wurin da takalminta mara tsini,
ba ta sani ba,
ni kuma ban faɗa ba.