Gorubar Ƙarƙashin Ƙafa

Shekara talatin da huɗu ina taka keken ɗinki
a rumfata ta Ƙofar Marusa.
Ƙafar nan ta ɗinke kayan sallar rabin unguwa
ba ta taɓa ce mini uffan ba.
Baya ne ya fara kai ƙara.

Lubabatu, autata, da ta dawo daga karatu a Indiya,
ta zo da tabarmar roba mai launin ɗanyen lalle.
Ta ce, "Baba, sunan abin yoga.
Wanda zan koya maka miƙa ce da numfashi."
Na ce, in don miƙa ce, ai kyanwa ma tana yi,
kuma ba wanda ya biya mata kuɗin jirgi.

Ranar farko, bayan asuba, a tsakar gida,
siminti da sanyi kamar gindin randa,
na durƙusa, na zauna bisa dugadugai,
na kwantar da yatsu yadda ta nuna.
Sai tafin ƙafar dama ya dunƙule,
jijiya ta sarƙe kamar zare a ƙoshiya,
babban yatsa ya yi yaji, ya juya wa ƙannensa baya.
Salatin da na rafka
shi ya tashi tantabarun Malam Nafi'u.

Ba ta yi dariya ba, sai daga baya.
Ta kama yatsun, ta tanƙwaro su wajen ƙwauri,
ta dasa babban yatsanta a tsakiyar ciwon,
ta ce, "Ja iska. Sake ta. Kar ka yi kokawa."
Abin ya saki a hankali,
kamar mai bashi yana ƙirgo canji.

"Yaushe rabonka da ruwa?"
Na ce, na sha shayi da daddare.
"Shayi ba ya biyan bashin randa.
Kai da ko kekenka ba ka hawa
sai ka ɗiga masa mai, ka juya shi da hannu,
ita ƙafar me ta yi maka?"

Na rasa ta cewa. Na duba ƙafar.
Ga kanta, ga faso, ga tabon allurar da na taka
shekarar da aka haifi mai yi mini faɗan.

Yanzu kafin in hau tabarmar
moɗa biyu nake sha, ba gaggawa.
Ragowar ruwan ɗumin buta in zuba wa ƙafafu.
Na sayo goruba a 'Yar Kutungu,
na zaɓi mai tauri, wadda ta fi ƙarfin haƙori,
in taka ta, in mirgina daga dunduniya zuwa yatsu,
sau ashirin, ko har tafin ya daina gunaguni.
In watsa ƙyallayen da almakashi ya bari a ƙasa,
in tsince su da yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya.
In naɗe tsohon zane ƙarƙashin idon sawu,
kuma na daina miƙe yatsu kamar mai nuna ɓarawo.
Da rana ga ayaba, ga kwaɗon zogale.

Ba zan ce ta daina zuwa ba.
Takan leƙo, ranar da na yi rowar ruwa,
ko na yi wa tabarma shigar sauri.
Amma yanzu ina jin sallamarta tun daga zaure,
in sassauta, in ja yatsu, in ba ta hanya.

Jiya na nemi gorubar na rasa.
Can na hango Mudi, jikana, bayan turmi,
ya gwaguye ta tas, sai ƙwallo.
Ban faɗa masa inda ta kwana wata biyu ba.
Na karɓi ƙwallon, na taka.
Ya ma fi kama wurin.