Taron Daren Laraba

Ƙarfe huɗu duhu ya riga ya rufe tsibirin.
Mu goma sha tara a ɗakin taro,
rigunan sanyi na ɗiga a jikin ƙusa.
Kofi ya huce, magana ba ta huce ba:
yara bakwai suka rage a makaranta.

Oddvar ya miƙe da takardarsa.
Shi mutum ne mai kafa turke kafin ya ɗaure jirgi.
Fordi, in ji shi, saboda kuɗin ɗumama aji.
Fordi, rufin yana yoyo.
Sai ya ja igiya: derfor,
don haka a rufe.
Ya zauna kamar wanda ya gama sauke kaya.

Torunn ko tashi ba ta yi ba.
Men, ta ce.
Amma ce, gajeruwa kamar wuƙar feɗe kifi,
ta ratsa tsakanin turke da igiya.
Men jirgin fito ba ya tashi in teku ta yi fushi.
Ɗan shekara shida a bakin gaɓa, cikin wannan duhu?

Aka juya ga Eilif, ya dubi rufi,
ya ce tja.
Shekara tara ina rubuta bayanin taro,
ban san gidan da zan sa tja ba:
mutum ne tsaye a bakin ƙofa,
takalmi ɗaya a ƙafa.

Oddvar ya ce, ai babu wata haihuwa a tafe.
Can baya, Solfrid, da ba a taɓa jin muryarta a nan ba,
ta ce jo.
Muna da e, muna da a'a, kamar kowa,
sai kuma wannan ta uku,
e ɗin da ake ajiyewa
don ranar da aka ce maka babu.
Jo, ta sake cewa, hannu a kan ciki. Watan Mayu.

Cokalin wani ya faɗi.
Oddvar ya sake duba lissafinsa.
Bakwai da ɗaya ba sa gyara rufi,
ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa.
Uenig, har yanzu bai yarda ba.
Sannan ya naɗe takardar a hankali:
likevel.
Duk da haka.
Ran Asabar zai zo da tsani.

Na rubuta: ba a tsai da shawara ba.
A waje ƙanƙara ta cike sawunmu na ɗazu.
Torunn ta rage masa hanya, gilashi a buɗe,
ina jiyo men ɗinta har suka sha kwana.