Taku Tara

A Trapani, bayan kasuwar kifi,
akwai lungun da na shekara talatin
ina raba wasiƙu a cikinsa.
Faɗinsa taku tara ne. Na sha ƙirgawa.

Hannun dama gidan abincin Gaspare,
tebur bakwai, ɗaya na ɗingishi.
Hannun hagu shagon kayan zaƙi na Liborio,
gilashi na sheƙi, ƙararrawa a bakin ƙofa.
Ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha,
amma tun ranar da aka binne Nunziata
ko gaisuwa ba ta tsallaka titin ba.

Wai a kan littafin girkinta ne.
Wannan ya ja, wancan ya ja,
ɗinkin ya ɓarke a tsakiya.
Taliya da miya suka bi wa,
zuma da madara suka bi ƙane.

Yanzu da na rataye jakar aiki,
kowace Alhamis nakan zauna a teburi mai ɗingishi.
Ba na duba takarda, Gaspare ba ya tambaya.
Daga madafa tafarnuwa ta faɗa man zaitun,
tana ta tsegumi.
Sai ga taliya murɗaɗɗiya kamar igiyar masunta,
da ɗanyen tumatir da aka kirɓa a turmi,
soyayyen yalo a kai,
sardin uku kwance a gefe, ido buɗe.
Ina ci a hankali,
haƙoran da suka rage ba sa son gaggawa.
Na bi kwanon da gutsuren burodi tas,
har mai wanke-wanke ta ce zan raba ta da aiki.

Baƙi daga Milan a teburin kusa
suka nemi abin zaƙi.
Gaspare ya goge hannu da tawul ɗin kafaɗa,
bai ko ɗaga kai ba:
"Ba na yi. Ku tsallaka.
Mutumin can ba shi da kirki,
amma ku ce ya ɗura muku kannoli a gabanku,
kada ku karɓi wanda ya wuni."

Ni ma na tsallaka.
Taku taran nan sun zama goma sha biyu, gwiwa ta tsufa.
Duk masu shago sun ja ƙofa tun takwas,
fitilar Liborio kaɗai ke ci.
Yakan ce lissafi ne ya tsare shi.
Shekara goma sha huɗu lissafin nan
ba ya ƙarewa sai Gaspare ya kife kujeru.

Ya ɗauko soyayyen ɓawo mai rami,
ya cika shi da farin cuku mai sukari,
ya turo min da gahawa baƙa ƙirin.
Na gatsa, ƙarau, gari ya zubo min a riga.
Ya sunkuya yana goge gilashin da ba datti:
"Daga can kake?
Har yanzu yana cika gishiri?"
Na ce gishiri daidai.
"Tarin nan nasa fa? Yana hana mutane barci."
Na ce da sauƙi.
Ya ce, "Ni ba tambaya na yi ba."

Zan fita, ya miƙo ƙunshi da zare ja:
"Wannan ya karye, ba mai saye.
Ka ba kare, ko wanda ka ga dama."
A ƙarƙashin fitilar titi na leƙa.
Ko tsagewa babu.

Ba adireshi, ba kan sarki,
amma ƙafa ta san hanya.
Ƙofar bayan Gaspare a sakaye take,
ya zauna shi kaɗai, ya juya min baya,
ga ƙaramin faranti a gabansa
da ya riga ya wanke.