Igiya Biyu a Dutsen Tigray

Shekara bakwai mahaifina Gebrekidan yana kwafar Littafi
a fatar akuya, da tawadar kunkunniya da ƙaro,
har idonsa na hagu ya yi yana.
Wurare biyu suka hana shi barci.
Wani shafi na ce wa mutum ya tashi ya ɗaura ɗamara.
Ya buɗe gaba, sai ga wani
yana cewa damtsen ɗan Adam ba abin jingina ba ne.
"Haftom," in ji shi, "da alƙalami ɗaya na rubuta su.
Ko dai na tsallake layi?"
Ya koma ya duba. Bai tsallake ba.

Ya rasu bayan girbi,
ya bar littafin a jakar fata
da wasiyyar a kai shi majami'ar kan dutse.

Dutsen ba shi da matakala.
Bango ne tsaye, tsayin mutum tara,
igiya biyu na saƙaƙƙiyar fata suna reto.
Mai kaurin ita ake kamawa.
Siririyar a ƙugu ake ɗaura ta,
can sama wani tsoho na riƙe da bakinta.
Abba Weldeab. Gemunsa kawai na hango.

Na tuɓe takalma na kama hawa,
yatsuna na laluben ramukan
da ƙafafun magabata suka ci a jikin dutse.
A rabin hanya damtsena ya ɗauki rawa,
jakar na ja na baya kamar mai bin bashi.
Na ce, "Abba, ja ni!"
Ya ce, "Hau."
Na ce, "Ƙarfina ya ƙare!"
Ya ce, "Na ji. Hau."

Abin da ya faru daga nan zuwa ƙofa ban riƙe ba.
Na dai ga tafin hannuna ya saluɓe.
Da dare kuma da na ɗaga riga,
ga shatin siririyar ya zagaye ƙuguna, ja wur.

Ya ba ni soyayyiyar sha'ir da ruwan kwarmin dutse.
Hannayensa kamar sillen kara,
ɗan akuya ma sai ya yi nishi.
Na tambaye shi wa ya kawo ni sama.
Ya buɗe littafin, ya shinshina fatar,
ya ce rubutun ya ɗan karkace wajen ƙarshe.
Na sake tambaya, na ambaci shafuka biyun.
Ya ce, "Shekara talatin ina bakin ƙofar nan.
Wanda ya saki tasa don ya ga tawa,
saura ƙiris ya tafi da ni ƙasa.
Waɗanda suka ƙi a ɗaura musu tawa,
biyu na kwance a gindin zaitun ɗin can."
Sai aka buga dutsen kiran addu'a, ya tashi.

Saukowa ta fi hawa wuya, wannan ba wanda ya gaya mini.

Shatin ƙuguna bai yi mako ba ya ɓace.
Tabon hannuna yana nan har yau,
nakan ji shi in na danna garma bayan shanun Baba.
A kasuwar Adigrat in an ce, "Kai ka hau da littafin a baya?"
sai in buɗe tafin hannu, su jinjina kai.
Ɗayar shaidar ba ni da inda zan nuna,
sai in sayi gishirina in kama hanyar gida.