Akwati na Shida

Wata na uku ke nan ina kwance a Ƙofar Sauri,
ƙafa ɗaure da karan mai ɗori.
Falwayar da ta kayar da ni tana nan tsaye,
ko aike ba ta yi a gaishe ni ba.

Nafi'u ya sayo faifai a bakin babbar kasuwa
da kuɗin taransa na kwana huɗu.
A jikin kwalin an zana wani ƙato,
ƙirji kamar ƙyauren shago,
haɓa kamar bakin garma,
ƙyalle ruwan toka yana kaɗawa a bayansa.
Ya ce, "Baba, a littafi aka haife shi,
akwati-akwati, magana cikin balan-balan,
daga baya aka hura masa motsi."

Tasalla ta leƙo da ludayi a hannu:
"Wane tela ne ya cuci bawan Allah?
Kaya sun ɗame kamar fatar kalangu."
Ta ce miya za ta ƙone, amma ta tsaya a bakin labule.

Muka kalla.
Aka jefo shi daga bene hawa arba'in,
kwalta ta dare, motoci suka yi kuka,
ya miƙe, ya kaɗe kafaɗa
kamar wanda ya taso daga tabarma.
Nafi'u ya mayar baya. Ya sake mayarwa.
A na uku ba akwatin yake kallo ba.

"Baba, kai hawa nawa ne?"
"Falwaya ɗaya."
"Ɗaya kacal?"

Na so in ce masa tawada ba ta da ɓargo,
ba a zana wa jarumi takardar kemis,
ba a zana matarsa tana sallama keken ɗinki
da rabin kuɗinsa.
Sai na ce, "Ƙara murya, ba na ji."

Yana tsakiyar sama, hannu miƙe,
saura taki ɗaya ya cafe motar 'yan makaranta,
aka ɗauke wuta.

Sai unguwa ta ɗauka, gida bayan gida,
Allah ya isan nan da na sani,
wadda na ci shekara sha bakwai ina sha
da tsani a kafaɗa.
Yau ta same ni a kwance,
har na kusa taya su.

Cikin duhu, yaron ya ce,
"Da kana da ƙafa, da ka dawo da ita?"
Na ce, "Da na gwada."
Sauro ya ƙarasa mana hirar.

Da safe na tarar da littafin lissafinsa
a ƙarƙashin matashina.
Ya ja layi da rula, akwati shida.
Ga wani siriri da hular kwano,
ɗamara, filaya a ƙugu.
Yana hawa. Yana taɓa waya.
Walƙiya, da jan biro.
Yana faɗowa, baki buɗe, takalmi ɗaya na binsa.
A na biyar yana kwance,
an ƙirga karan ƙafarsa daidai, bakwai.
Na shida fari fat.

"Wannan fa?"
"Ban san abin da za ka yi ba tukuna."

Na daɗe ina kallon farar takardar nan.
Na ce a miƙo mini sandar.
Tasalla ta ce mai ɗori ya ce sai bayan Juma'a.
Na ce na ji.

Daga gado zuwa zaure taki goma sha ɗaya ne,
ban taɓa sani ba.
Gumi ya wanke ni tun a na huɗu.
Nafi'u na gefe yana ƙirgawa,
biro a baki, bai kama ni ba,
ban kuma ce ya kama ba.

Wutar ba ta dawo ba har la'asar.
Ƙaton yana can cikin na'ura, rataye a sama,
yana jiran wani mai tsani.