Kwalbar Rohaeti

A Majalaya kogi da dare yake sake riga.
Litinin shuɗi, Laraba ja kamar an yi yanka.

Rohaeti ta cika kwalbar man kwakwa kafin asuba,
ta hau bayan babur zuwa hukumar muhalli.

Aka ba ta lamba ɗari huɗu da sha bakwai,
aka ce ta faɗi ranar da abin ya fara.
Ta ce, "Shekarar da shinkafata ta yi zangarniya ba ƙwaya."
Babu gurbin wannan a takardar.

Sutisna, akawun bayan gilashi,
ya ce ba a gwada ruwa sai wanda ma'aikaci ya ɗiba.
Za su zo. Amma sai an fara aika wa masana'antar wasiƙa.

Suka zo ranar Talata da hantsi.
Bututun ya yi tsit kamar yaron kirki gaban baƙi.
Ruwa garau. Aka ɗauki hoto.
Rahoto ya ce lafiya lau.

Ta koma karɓar kwalbarta.
Da ya miƙo ta ta ƙasan gilashi
sai hannun rigarsa ya zame:
ƙuraje irin na jikanta, har gwiwar hannu.

"Kai ma a gangaren kogi kake?"

Bai amsa ba. Ya janye kwalbar,
ya tura ta cikin aljihun tebur,
ya waiga hagu, ya waiga dama.
"Ƙarfe nawa na dare suke buɗewa?"