Shaidar Muƙamuƙi

A teburin mai shayi na Jekadafari
ana ta awon mazan jiya kamar hatsi.
Bappah Tela ya ce Bahagon Deba ba gwani ba ne,
riƙon ƙwarya ya yi, kaka ɗaya tak,
shekarar da manya ke jinyar hannu.
Wai sa'a ce ta ɗaura masa kara.

Na kurɓi shayina ta gefen dama,
don hagun ya yi murabus tun wancan turmi.

Ku daga bayan makaɗa kuka hango shi,
kuna ƙirga kisa, kuna ƙirga raguna.
Ni a fuska na karanta shi.
Hannun nan ba ya sallama.
Na ɗanɗani ƙasar Kumo har da tsakuwarta,
kalangu ya koma nesa, kamar daga rijiya.

Kirarinsa gajere ne, ban musa ba.
Ƙafa nauyi, numfashi kaɗan,
turmi na uku sai addu'a.
Amma mu nawa muka kai na ukun?

Yau facin keke yake a bakin tasha.
In na gifta shi ke fara gaisuwa,
muƙamuƙina ke riga ni amsawa.